Likita ya ce Innarmu tana da ruwa a gefen huhu, ku taimaka mini da ma'anar kalmomin nan

Autar Inna:

Assalamu alaikum. Don Allah masu aikin asibiti da ke cikinmu, da duk wanda ya taɓa jinyar mai ciwon ƙirji, ina neman ku fitar da ni daga duhu.

Innarmu ta haura shekara sittin. Tun ina goye take suyar ƙosai da waina a zauren gidanmu, kullum daga bayan asuba har hantsi, kuma da itace. Zauren ba taga, ƙofa ce kawai, azarar sama ta yi baƙi ƙirin da kunkunniya. Tari kuwa ya kai shekara biyar yana damunta. Mu dai cewa muke tarin tsufa ne. Hunturu na kamawa sai ya taso, a sayo mata na kwalba a kemis, ta haɗa da citta da kanumfari da zuma, ya ɗan lafa. Bara wani mai kemis ya ce asma ce, ya ba ta abin shaƙa shuɗi.

Na wannan karon daban ne. Ranar Talata zazzaɓi ya rufe ta, kakin da take fitarwa ya yi kauri ya koma ruwan ɗorawa, kuma duk ta ja numfashi sai ta dafe haƙarƙarinta na dama, ta ce kamar ana soka mata tsinken tsire. Daga ɗaki zuwa bayan gida sai da ta tsaya sau biyu tana haki. Ranar Alhamis da na ga ta yi sallar asuba a zaune, matar da ko a tarawi ba ta zama, na ce a nemo mota.

A asibiti nas ta maƙala mata wani ɗan abu a yatsa kamar abin matse shanya, ya nuna 86, nan take aka sa mata oksijin. Aka yi hoton ƙirji. Likita ya ɗaga hoton wajen haske ya nuna mini ƙasan ɓangaren dama fari fat, ya ce ruwa ne. Da la'asar suka zaunar da ita a bakin gado ta rungumi matashi, suka soka allura ta bayanta tsakanin ƙasusuwan haƙarƙari, suka zuƙo ruwa kalar shayin da ba madara, ya kusa cika ƙaramar robar ruwa. Tun daga nan ta ɗan samu sa'ida.

Ga kalmomin da na ji suna maimaitawa, na rubuta su yadda kunnena ya ji: disniya, nimoniya, fulural ifyushan, sai hemoftisis, wadda likita ya faɗa bayan ya tambayi Inna wani abu ta girgiza kai. A takardarta na ga haruffa huɗu, COPD, da alamar tambaya a gabansu. An kuma ba mu ƙaramar kwalba aka ce ta tofa kaki da sassafe, za a kai wani gwaji wai shi GeneXpert.

Likitan mutumin kirki ne, amma layin da ke jiransa ya kai bakin ƙofa, na ji nauyin tsare shi. A gida kuwa kowa da tasa. Kawu ya ce tarin fuka ne, a ware mata kwano da kofi. Babban yayanmu ya ce sanyi ne, ai ya sha hana ta alwala da ruwan randa. Gwaggo ta ce asmar ce ta ci jiki. Ita kuma Inna da ta farka sai ta kamo hannuna ta ce, "Auta, ke da kika yi boko, me suka ce yana damuna?" Wallahi ban iya ba ta amsa ba, kuma abin ya tsaya mini a rai.

Ruwan nan ta ina ya shiga? Wanda take sha ne ya bi wata hanya? Ciwo ɗaya ne mai sunaye da yawa, ko ciwuka ne daban-daban suka haɗu mata?

Anti Nas:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ba Inna lafiya, ya sa kaffara ne. Shekarata 14 a ɗakin mata, kuma ba hunturun da zai wuce ba mu kwantar da irin Inna ba. Ba ni na duba ta ba, saboda haka hukunci na likitanta ne, amma kalmomin zan warware miki su.

Ba duka ne sunayen ciwo ba, biyu daga ciki alamu ne kawai. Yawancin irin waɗannan kalmomi daga harshen Girka aka ɗebo su, guntu-guntu ake haɗawa. "Dis" wahala, "niya" numfashi, ka haɗa ka samu disniya, wato wahalar numfashi, hakin nan da kika ga tana yi a hanyar bayan gida. In aka sauya kan kalmar aka ce takifniya, numfashi da sauri ke nan, afniya kuma ɗaukewar numfashi. Babba mai lafiya yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya. Hemoftisis tofar da jini ne a cikin tari, kuma tunda Inna ta girgiza kai, babu ke nan, alhamdu lillahi. Duk kalmar kuma da kika ji ta ƙare da "aitis", kumburi ne a wurin da aka ambata: laringaitis a akwatin murya, shi ke dishe muryar mutum, bironkaitis a bututan da ke raba iska cikin huhu.

Nimoniya ita ce ciwon. Iskar da muke shaƙa tana gangarawa ta bututu ɗaya, ya rabu dama da hagu, kowane ya yi ta reshe yana sirancewa har ya ƙare a wasu 'yan jakunkuna da ido ba ya iya gani, ɗaruruwan miliyoyi. A nan oksijin ke tsallakawa cikin jini. In ƙwayar cuta ta sauka can, sai jakunkunan su cika da ruwa da mugunya a maimakon iska. Sashen da ya cika ba shi da abin da zai ba jini, shi ya sa na'urar yatsa ta nuna 86, alhali mai lafiya daga 95 zuwa sama yake.

Yanzu ga ruwan da ya fi damun ki. Huhu yana da riga, wani siririn tantani mai ninki biyu, ɗaya manne da huhun, ɗaya manne da haƙarƙari ta ciki. Sunansa fulura. Tsakaninsu akwai ɗan danshi da bai wuce 'yan cokula ba, don su riƙa zamewa a kan juna duk mutum ya ja numfashi. Ki jiƙa leda biyu ki haɗa su ki murza da yatsa, haka abin yake. In nimoniya ta kai gefen huhu, rigar ta kumbura, sai zamewar ta koma gogayya. Tsinken tsiren da Inna ke ji ke nan, don naman huhu kansa ba ya jin zafi, ninkin rigar na waje ne mai jijiyoyi. Daga nan sai ƙananan hanyoyin jini su riƙa tsattsafo da ruwa cikin ratar nan har ya taru. Shi ne fulural ifyushan. Daga jininta ya fito, ba ruwan sha ba ne, kada wani ya ce a rage mata sha sai in likita ne ya faɗa. Ruwan danne huhun yake ta waje ya hana shi buɗewa, shi ya sa ta ji sauƙi da aka zuƙe.

A nan ne Hausarmu ta asibiti ke ba ni wahala. Abu biyu muke ce wa "ruwa a huhu". Akwai wannan na gefe, akwai kuma wanda ke taruwa cikin jakunkunan kansu idan zuciya ta gaza tura jini. Shi na biyun ba a zuƙe shi da allura, maganin sa fitsari ake bayarwa. Mai shi ba ya iya kwanciya a miƙe sai ya tara matasai, sau da yawa ƙafa ta kumbura. Na sha kama dangi sun karɓo ƙwayoyin maƙwabci sun ɓoye a ƙasan zani, wai shi ma ruwa a huhu aka ce masa kuma ya ji daɗinsu. Don girman Allah kada ku yi wa Inna haka. Sannan ruwan gefen ba nimoniya kaɗai ke kawo shi ba, tarin fuka na kawo shi, haka ciwon zuciya da ƙoda da hanta, har da daji. Dalilin kai shi ɗakin gwaji ke nan.

COPD a Hausance sai mu ce daɗaɗɗen ciwon huhu mai toshe hanyar iska. Shi nake zargi a kan tarin shekara biyar ɗin, kuma alamar tambayar da kika gani na nufin likitan ma zargi yake, bai yanke ba. Littattafanmu da taba sigari suke fara lissafi, amma matan da nake jinya ba wadda ta taɓa riƙe kara, hayaƙin murhu ne na shekara talatin, arba'in, a madafin da ba taga. Ba ƙaramin ciwo ba ne, yana kashe fiye da mutum miliyan 3 a duniya kowace shekara. Bambancinsa da asma: asma takan fara tun ƙuruciya, ta taso ta kwanta, bututun ya tsuke ya sake buɗewa, tsakanin tashi da tashi mutum garau yake. Wannan kuwa sai an manyanta, galibi bayan arba'in, kuma ɓarnar da aka riga aka yi ba ta komawa, sai dai a rage saurinta a sauƙaƙa numfashi. Ana tabbatarwa da gwajin busa, sifirometiri, bayan ta warke daga wannan kwanciya. Za ta cika ƙirji ta busa iya ƙarfinta, in abin da ya fita a daƙiƙar farko bai kai kashi 70 cikin ɗari na duk abin da ta fitar ba, ko bayan ta shaƙi magani, to shi ne.

Ki riƙe wannan da kyau: mai COPD tsakanin 88 da 92 ake so na'urar ta nuna in yana kan oksijin. In kin ga 90, kada ki ko wani ya murɗa kan tukunyar don a ƙara. Yawansa na iya sa gurɓatacciyar iskar da ya kamata ta fita ta taru a jini, mutum ya yi ta barci mai nauyi, dangi su ɗauka sauƙi ne ya samu.

Jikan Mahauta:

Ni ba boko mai zurfi na yi ba, fawa na gada, amma abin da Anti Nas ta bayyana kullum hannuna na cikinsa. Malama Auta, in kina son gani da ido, ki je mahauta da safe ki ce a ba ki huhun rago haɗe da maƙogwaronsa. Bututu biyu ne a wuya. Na gaba yana da zobba na guringuntsi, ko kin matsa shi komawa yake a buɗe, na iska ke nan, shi malamai ke ce wa hulƙumu in ana karanta babin yanka. Na bayansa laushi gare shi, ba zobe, na abinci ne. Muna yara mukan hura na gaban, huhun ya tashi ya yi haske, mu saki ya lafe. Ki yanko ɗan huhu ki jefa a ruwa, a sama zai tsaya, hanta kuwa ƙasa za ta yi.

Amma dabbar da ta yi ciwon huhu, in ka buɗe ta sai ka ga wani sashen ya yi duhu ya yi tauri, ka yanka kamar hanta, kuma nutsewa yake a ruwa. Wani lokaci huhun ya manne da haƙarƙari sai an ɓamɓare, wani lokaci kana tsaga ƙirjin ruwa ya zubo. Irin wannan likitan dabbobi cire shi yake ya zubar. Shekara da shekaru ina gani, ban taɓa kawowa haka ɗan Adam yake ba sai yau. Allah ya tashi kafaɗun Inna.

Tela Mai Keke:

Zancen Kawu ne ya hana ni wucewa. Na yi tarin fuka shekara shida da suka wuce. Wata huɗu ina shan na kwalba ina ramewa, wandon da na ɗinka wa kaina sai da na rage ƙugunsa sau biyu, da dare gumi ya jiƙa zanin gado sharkaf. Da aka gano, aka ware mini kwano mai tabo a gefe da jan kofin roba, amma ba wanda ya yi tunanin buɗe taga. Mu huɗu muke kwana a shago, ƙofa a garƙame. Ma'aikacin da ke ba ni magani shi ya ce mini cutar ba a kwano take ba, a iskar da mai tari ya fitar take, ya sa aka gwada sauran. Aka samu ɗaya daga cikin yaran shagona da ita. Har yau in na tuna sai na ji ba daɗi.

Maganin wata shida ne, wata biyun farko kala huɗu a haɗe, sauran huɗun kala biyu, kuma ban biya ko kwabo a kan ƙwayoyin ba. Fitsarina ya koma kamar an ɗiga manja, na tsorata, aka ce aikin rifamfisin ne, ɗaya daga cikin magungunan, ba jini ba ne. Ga ni yau ina taka keke daga safe har dare. Shi GeneXpert ɗin da za a kai kakin Inna ba ganin ƙwayar cutar kawai yake ba, har yana nuna ko ta bijire wa rifamfisin. Duk tarin da ya kai mako biyu ya kamata a kai shi can, balle na shekara biyar.

Sannan ki lura da kalmar fuka a bakin manya. Kakata duk mai shessheƙa da ƙarar ƙirji fuka take ce masa, ko da asma ce, alhali asma ba a ɗaukar ta. Ki lallaɓa Kawu cikin ladabi ya jira sakamako. Jan kofin nan ya fi tarin ci mini rai.

Baban Yara:

Allah ya sawwaƙe. Amma ni dai ina bayan babban yaya. In ba sanyi ke kawo ciwon haƙarƙari ba, me ya sa sai hunturu asibiti ke cika da masu tari? Iyayenmu ba a banza suka faɗa ba.

Anti Nas:

Baban Yara, abin da iyayenmu suka gani gaskiya ne, hunturu ne lokacin. Sai dai ruwan randa ba ya haifar da ƙwayar cuta. Abin da ke faruwa, ƙura tana busar da hanci da maƙogwaro, mura na yawo, ana rufe ƙofa da taga a cunkushe a ɗaki ɗaya, a shigo da kaskon wuta a kwana da shi. Kaskon gawayi a rufaffen ɗaki ma shi kaɗai yana kisa, da wata iska mai guba da ba ta da wari. Damuwata da kalmar sanyi ita ce tana cinye kwanaki: ana gasa ƙirji da tsumma, ana shafa man zafi, kwana uku sun wuce. Ga yaro wannan ba wasa ba ne. In yana tari, ka ɗaga rigarsa lokacin da yake kwance shiru ka ƙirga numfashinsa minti guda cur. Daga wata biyu zuwa ƙasa da shekara, 50 ko fiye ya yi yawa, daga shekara ɗaya zuwa biyar kuma 40. In kuma ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa ciki duk ya ja iska, a tafi asibiti a daren. Allurar rigakafi ta mako 6 da 10 da 14 tana kare yara daga wasu ƙwayoyin nimoniya da tarin shiƙa da mashaƙo. Ita ma mashaƙo, da can duk ciwon maƙogwaro ana iya kiran sa haka, amma tun ɓarkewar da aka yi a Kano a 2023 in ma'aikacin lafiya ya faɗe ta difteriya yake nufi.

Malam Jikan Mahauta, ka koya mini yadda zan riƙa yi wa dangi bayani. Huhun da ka ce ya yi kamar hanta, a littattafanmu akwai kalmar da ma'anarta ita ce komawa hanta, kuma matakin nimoniya ne. Abin sauraren ƙirjin da muke ratayawa, wani likitan Faransa mai suna Laennec ne ya ƙirƙiro shi a 1816, shi ma da buɗe gawa ya koyi haɗa abin da kunne ya ji da abin da ke cikin huhu.

Auta, ko kaki ya fito babu tarin fuka, ku jira sakamakon ruwan. Wanda ya zauna a rigar huhu ba kullum yake bayyana a kaki ba.

Autar Inna:

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Jiya bayan magariba na zauna a bakin gadon na ce, "Inna, abu biyu ne. Hayaƙi ya daɗe yana cin hanyoyin iskarki, sai sabon ciwo ya sauka a kai, rigar huhunki ta dama ta tara ruwa, shi ne suka zuƙe." Ta yi shiru, can ta ce, "Ashe huhu ma riga gare shi." Sai ta tambaye ni, "Wato itacen ne?" Na ce shi likita ke zargi. Ta juya fuska bango. Na san kaskonta take tunani, da shi ta aurar da mu mata huɗu.

Kakin ya fito, ba a ga tarin fuka ba, na ruwan sai Litinin. Zazzaɓi ya sauka, na'urar na nuna 91. Ɗazu Gwaggo ta kai hannu za ta murɗa kan tukunyar wai a ƙara mata iska, na riƙe hannunta na kira nas. Na karanta wa Kawu abin da Malam Tela ya rubuta, bai ce komai ba, amma da yamma ya aiko da fura kuma bai sake zancen kwano ba. Babban yaya ya kira magini ya duba inda za a fasa taga a zauren.

Anti, na san Inna, tana jin ƙarfi za ta ce a ɗora mata kasko. In mun fitar da murhun tsakar gida muka koma gawayi, ya wadatar, ko dole sai gas? Gobe da safe za a sake hoton ƙirjin, ina so in san abin da zan tambayi likita kafin layi ya taru.